Dutsen Kifi Guda

Gado ya dawo Gangara da jakar tufafi guda, da akwatin gilashi naɗe cikin tsohuwar katifa, da buhun gishiri, da wani babban bido shuɗi, irin jarkar ruwa, wanda bai yarda kowa ya taɓa ba. Tun daga Kwatano bidon nan yake tsakanin ƙafafunsa. A bakin kogi, inda aka rufe gada ake ƙetarewa da kwalekwale, wani ɗan duwan mai binciken kaya a iyaka ya sa shi ya buɗe. Ya leƙa ya ga duwatsu huɗu kwance cikin ruwa, da wata ƴar na'ura mai batir tana ta hura musu iska. Ya dubi duwatsun, ya dubi furfurar Gado, ya ce ya rufe ya wuce, Allah ya ba shi lafiya.

Shekara ashirin da wani abu Gado ya yi a wani otel na bakin teku a Kwatano. Da gadi ya fara. Mai otel ɗin, wani dattijo ɗan ƙasar, yana da akwatin kifi a inda ake karɓar baƙi, tsawonsa ya kai amalanke biyu. Akwai Baturen da ke zuwa yana duba shi, Gado na riƙe masa bokiti da tiyo. Da Baturen ya koma ƙasarsu sai aikin ya zauna a hannun Gado. A can ya auri Samira, ƴar unguwar Zango. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma a can ya binne ta. Bayan dattijon ya rasu ƴaƴansa suka sayar da otel ga waɗanda za su rushe shi. Aka raba kifayen ga masu so. Duwatsun kuwa aka ce a zubar tare da ɓaraguzai. Gado ya zaɓi huɗu da suka fi kyau, ya ɗauki ƙaramin akwatin da ake ware kifi marar lafiya a ciki, ya kama hanyar gida.

Ƙanensa Rabo, wanda shi ne mai gida yanzu, ya gyara masa ɗakin siminti mai rufin kwano kusa da zaure. Gado ya shiga, ya ɗora tafin hannu a bango, ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Ya ce shi a ba shi tsohon ɗakin ƙasa na marigayiya innarsu, can ƙurya bayan rumbuna.

"Yaya, wancan ɗakin ajiyar kaya muka maishe shi," in ji Rabo. "Mi mutane za su ce?"

"Kwano na ɗaukar zafi. Ba za su iya ba."

"Su wa?"

Gado ya nuna bidon da haɓa. Rabo ya juya ya fita. Ya sa aka kwashe garemani da tsofaffin buhuna, matarsa Cima ta share ɗakin ta yayyafa ruwa. Gado ya kafa fano mai tara hasken rana a kan soro, ya jawo waya zuwa batir. Ya kwaɓa gishirin nan da ruwan leda, don na rijiya bai yarda da shi ba, ya jera duwatsun a tsakiyar akwatin, ya kunna ƴar fitila shuɗiya da injin da ke juya ruwa.

Kwanakin farko ɗakin bai rabu da mutane ba. An ji labarin ya zo da kifin teku, kowa na so ya gani. Sai su shigo su sunkuya, su ga ruwa garau da duwatsu huɗu masu ramuka, jikinsu ja-ja da shuni-shuni.

"To ina kifin?"

"Babu tukuna."

Su yi masa barka da zuwa su fita. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo cewa abin bautar mutanen bakin teku ne ya kawo, yana ba shi iska da haske yana kwana da shi. Liman, Malam Sabi'u, ya zo da kansa. Ya zauna ya yi tambayoyi, Gado ya nuna masa wata ƴar tsutsa da ke leƙowa daga rami da wani ɗan ƙaguwa da bai fi ƙwayar gero ba. Liman ya ce, "Allah mai iko," ya fita ya gaya wa mutane babu komai sai halitta. Tsoro ya kau daga zukatan mutane, sha'awar ma ta bi shi. Daga nan ba mai leƙowa sai ƴar da Cima ke aikowa da tuwo, ita ma a bakin ƙofa take ajiyewa.

Ya gwada zaman majalisa a gindin bishiyar bedi. Ana ta hirar mutanen da bai sani ba, da rigimar iyakar gona wadda aka fara yana can. Cikin sa'o'insa Mamman ya rasu, Sajo ya tafi Libiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In ya buɗe baki sai kalmar Faransanci ko ta mutanen bakin teku ta kuɓuce masa, samari su sunkuyar da kai suna murmushi. Ɗan Kwatano suke ce masa a bayan ido, wani lokaci har a gaban ido. Ba wanda ya taɓa yi masa wulaƙanci. In ya zo a matsa masa a tabarma, in ya tashi a ce ya gai da gida. Sannu a hankali ya koma daga masallaci sai ɗaki.

Rakiya ba ta gari sa'ad da ya dawo, tana Cadawa wajen jegon jikarta. Ita ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, tun suna yara kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita kaɗai a gefen gari tana ginin tukwane. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa, amma hannunta bai manta yumɓu ba. Wata rana da hantsi Gado ya ji ƙarar sanda a ƙofar ɗaki.

"Ina bawan nan nawa da ya gudu? An ce ka dawo, ka yi arzikin duwatsu."

Gado ya yi dariya. Shi kansa ya ji dariyar ta fito masa baƙuwa.

"Shigo, baiwata. Ki yi a hankali da waya."

Ta zauna a kan buzu ta juya fuskarta wajen hasken shuɗin. Ta ce tana jin ruwa na gudu kamar ƙorama, ya gaya mata abin da ke ciki. Ya ce duwatsu ne, amma ba irin na tudu ba. Murjani ne da ya mutu ya daɗe a ƙarƙashin teku, wasu halittu suka shiga suka zauna a jikinsa.

"Murjani? Wanda muke sawa a wuya?"

"Danginsa ne."

"To mi ya hana ka sa kifin? Rowa?"

Ba wanda ya taɓa yi masa tambayar yana jiran amsa. Ya gyara zama. Ya ce kifi yana ci yana kashi a ruwan da yake sha, in ba abin da ke cinye ƙazantar nan, ruwan zai zama dafi ya kashe shi. A cikin ramukan dutsen akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke wannan aiki. Shi ya sa ake ce masa dutse mai rai. Yawan dutse, yawan ma'aikata. Abin da aka saba, kowace lita goma ta ruwa tana son dutse kamar kilo guda. Akwatinsa lita ɗari ne, duwatsunsa kuwa duka ba su kai kilo huɗu ba.

"Ashe gona gare ka babu ƴan ƙwadago," in ji Rakiya. "Ka tafi bayan gari mana, marmara ta ƙare?"

"Marmara akwai ƙarfe a jikinta, za ta ɓata ruwan. Kuma ba nauyin ake bi ba, ramukan ake bi. Dutse marar nauyi mai yawan ƙofofi ya fi ƙato wanda ke a toshe. Ko da mataccen dutse ne, in ya zauna kusa da mai rai, yau da gobe shi ma zai ɗauka."

"Kamar tsamin nono a sabuwar ƙwarya."

"Kamar haka."

Ta ce ya ba ta ɗaya ta ji. Ya wanke hannu ya ciro mafi ƙanƙanta ya ɗora mata a tafi. Ta shafa shi da babban yatsa, ta zura ɗan ƙaraminta a wani rami, ta kai hanci ta sansana. Ta miƙo masa da sauri ta ce ya mai da shi kada ya sha iska.

Bayan ƴan kwanaki ta dawo da ƙwarya a kai. A ciki akwai wasu dunƙule-dunƙule na gasasshen yumɓu, kowanne da ƙofofi ta ko'ina. Ta ce ƙaiƙayi da guntayen kara ta cuɗa a cikin yumɓun, da wuta ta ci su sai suka bar gurbinsu. Gado ya juya ɗaya a hannu. Ba nauyi, kuma da ya hura ta gefe guda sai iska ta fita ta ɗaya gefen. Bai sa su cikin akwatin ba. Ya jiƙa su a roba ya ajiye. Kafin kwana biyu ruwan ya yi ja, biyu daga ciki suka narke suka zama taɓo.

"Wutarki ba ta kai ba," ya ce mata.

"Tukunyata ba ta taɓa narkewa a hannun kowa ba sai a hannun bawa."

Amma ta koma ta sake. Ta aika aka haƙo mata farin yumɓu daga wani tafki na wajen Gazawa, ta gasa sau biyu, na biyun da kashin shanu da itacen ƙirya har sai da dunƙulen suka yi ƙara kamar ƙarfe in an ƙwanƙwasa. Waɗannan ba su narke ba. Gado ya yi ta jiƙa su yana sauya ruwa har ruwan ya daina sauya kama, sannan ya fara sa su ɗaya bayan ɗaya. Rakiya ta ce ya zuba duka mana a huta. Ya ce a'a, in dutse ya yi yawa ruwa ba zai sami hanyar wucewa ba, ƙazanta ta taru a lungu ta ruɓe. Sai an bar fili tsakaninsu da gilashi, an bar ƙofofin da ruwa zai bi, an bar wa kifi wurin iyo.

"Kaɗan ba ya isa, da yawa ya yi ɓarna," in ji ta. "Wanga abu naka kamar gishirin miya."

Ta mai da zuwa ɗakin al'ada. In la'asar ta yi sanyi sai ya ji sandarta. Ta zauna a buzunta, shi ya tsuguna gaban gilashi yana ba ta labari. Yau ɗan ƙaguwar nan ya sauya rami. Yau wani abu ya fito kamar furen ƙaya, fari, yana kaɗawa a ruwa, da inuwar hannunsa ta gifta sai ya shige bututunsa. Ita kuma ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu a shekarun da ba ya nan, ta gaya masa ɗiyan wa da wa ne samarin da ke yi masa dariya. Wata rana ta tambaye shi Samira, ya ba ta labarinta har aka kira magariba. Tun da ya dawo ba wanda ya ambaci sunan, don ba wanda ya san ta.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Ɗakin ƙasa ya taimaka, amma bai isa ba. Gado ya lulluɓe gefen akwatin da jiƙaƙƙun buhuna, ya kafa ƴar fanka tana hura saman ruwan, ya toshe taga da zana. Kullum sai ya aiki ɗan kabu-kabu Gazawa ya sayo ƙanƙara, ya ɗaure ta a leda ya saka ta tana yawo a kan ruwan. Ya daina zuwa ko'ina. Sallar azahar ma a ɗaki yake yinta, idonsa na kan ɗan ma'aunin zafi da ke manne a gilashi. Cima ta gaya wa Rabo cewa tuwon yana dawowa kusan yadda aka kai shi.

Wata rana babur ɗin ya lalace a hanya, ƙanƙara ta narke kafin ta iso. A ranar kuma iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Washegari da safe Gado ya ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Babban dutsen, wanda ya fi saura launi, ya yi fari fat, wani abu kamar majina ya lulluɓe shi. Ya ciro shi da sauri, ya kwashe rabin ruwan ya kwaɓa sabo. Ya fitar da dutsen bayan ɗaki ya ajiye a rana. Ya daɗe tsaye a kansa. Wannan dutsen shi ne na farko da Baturen nan ya taɓa miƙa masa ya ce riƙe.

Da Rakiya ta zo ta ji shi shiru, ta ce, "An yi rasuwa?"

"Babban ya tafi."

Ba ta yi masa ba'a ba. Ta zauna kusa da shi. Can ta ce, "Sauran ukun fa?"

"Suna nan."

"To a wanke mamacin, a shanya shi, a mai da shi cikin ƴan'uwansa. Ba kai ka ce matacce yana ɗauka ba?"

Haka ya yi, bayan ya goge shi ya bar rana ta gasa shi sosai.

Da ruwan sama ya sauka gari ya yi sanyi, kowa ya fita shuka. Rabo ya ce masa gonarsa ta gado tana nan in yana so. Gado ya je ya yini guda, ya dawo bayansa ya ƙage, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya ce wa Rabo ya ci gaba da nomanta kamar yadda ya saba. Ya koma tarar ruwan sama a manyan robobi, ya huta da sayen na leda.

Ana tsakiyar damina ya ga abin da yake jira. A jikin ɗaya daga cikin dunƙulen Rakiya wani ɗigo ya fito, ja-ja, bai fi ƙwayar dawa ba. Bayan mako ya ga wasu. Kafin gero ya fid da kai, ɗigon sun haɗu sun zama tabo-tabo, har wani ɗan furen nan mai shigewa bututu ya kafa gidansa a bakin wani rami.

"Tukunyarki ta yi rai," ya ce mata.

"Ƙarya kake, bawa."

Ya sa ta wanke hannu har gwiwa, ya kama wuyan hannun ya nutsa shi cikin ruwan, ya ɗora yatsunta a kan yumɓun. Ta shafa a hankali. Ta ce da santsi-santsi a da, yanzu ya yi kaushi kamar harshen kyanwa. Ta daɗe ba ta cire hannun ba.

"Yanzu sai kifi," in ji ta. "Nawa za ka sa?"

"Guda."

"Guda! Duk wahalar nan? Ba ka tausayinsa?"

"Abin da dutsen zai iya ɗauka ke nan yanzu. Ma'aikatan ba su gama yawa ba. In na sa biyu duka zan rasa."

"To Allah ya ba shi haƙuri."

Gado ya buga wa Inusa, wanda suka yi aiki tare a otel, yanzu yana wani shagon sayar da kifin ado a Kwatano. Inusa ya ce zai samo, amma sai zafi ya ƙara sauka, kuma sai an sami mai zuwa wanda zai kula. Akwai Bakari mai fataucin albasa, yakan taso bayan damina.

Kafin Bakari ya taso, Safiyanu ɗan Rakiya ya zo daga Yamai. Ya ce ya sami likitan da zai yi wa innarsa aikin ido, kuma ba zai sake barinta ita kaɗai a gefen gari tana wasa da wuta ba tana laluben hanya. Matarsa Farida ta gyara mata ɗaki. Rakiya ta yi gardama kwana biyu, sannan ta haƙura. Ta raba tukwanen da suka rage ga maƙwabta.

Ta zo sallama da safe, mota na jira a bakin hanya. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙofa, fuskarta wajen hasken shuɗin.

"In an buɗe mini ido zan dawo in ga ko ƙarya ka yi ta shara mini."

"Ki dawo. Za ki tarar da kifi."

"Na ƴanta ka, bawa. Ka riƙa cin tuwo."

Ya raka ta har mota yana riƙe da ƙarshen sandarta. Safiyanu ya rubuta masa lambarsa a salula. Da motar ta ɓace ya koma ɗaki ya naɗe buzun ya jingine a bango.

Labarin da ya zo daga Yamai guntu-guntu ne. An yi aikin ido guda, an ce a jira. Daga baya aka ce hawan jini ya hana a taɓa ɗayan. Sau biyu ya samu ya yi magana da ita, muryarta can nesa, ga ƙarar talabijin da kukan yara. Ta ce tana ganin ƙofa da taga yanzu, amma Safiyanu ya ce maganar komawa Gangara a bar ta tukuna. Gidanta wani malamin lakol, makarantar boko, ya kama haya.

Ana cikin girbi Bakari ya bugo ya ce gobe zai wuce ta Cadawa. Gado ya je tun da safe ya zauna a tasha har rana ta karkata. Bakari ya sauko daga babbar mota ya miƙo masa ƴar kula ta ajiyar ƙanƙara, ya ce tun da yake fatauci bai taɓa ɗaukar fasinja mai tsada da raini irin wannan ba, ko gaisuwa ba ya amsawa. A cikin kular akwai leda daure, cike da ruwa da iska. A ƙasan ledar wani ɗan kifi ne kamar yatsa, gabansa ruwan shuni, daga tsakiya zuwa wutsiya ruwan ɗorawa. Ya kwanta a gefe, amma kunnuwansa na motsi. Gado ya rungume kular a kan kabu-kabu, yana ta ce wa mai babur ya bi a hankali.

A ɗaki ya sa ledar a saman ruwan ta daɗe tana yawo, yana ɗiban ruwan akwatin da cokali yana ƙara mata kaɗan-kaɗan. Da ya sake shi, kifin ya tsaya cak kamar ƙiftawar ido, sannan ya nutsa ya shige wani rami a cikin yumɓun. Ko wutsiyarsa ba a gani.

Labari ya kai gidan cewa kifi ya iso. Da yamma Cima da yara da wasu maƙwabta suka cika ɗakin, har da samari biyu daga majalisa. Suka sunkuya suka duba ta gaba, suka duba ta gefe.

"Ina yake?"

"Yana cikin rami. Baƙo ne, sai ya saba."

Suka jira kaɗan. Wata mata ta ce tuwonta na kan wuta. Ɗaya daga cikin samarin ya ce wa ɗan'uwansa wani abu a kunne, suka fita suna danne dariya. Ɗakin ya koma yadda yake.

Kwanaki suka wuce kifin bai fito ba. Gado yakan saka ɗan abinci kusa da ramin ya ja da baya. Wani lokaci abincin ya ɓace, wani lokaci ya same shi a ƙasa ya tsince shi da tiyo. Kullum da safe sai ya kai hanci bakin ruwan ya sansana. Ba wari.

Ranar da ya fito, gidan ba kowa. Duk an tafi roron wake, har Cima da yara, an bar masa fura a ƙwarya. Yana zaune a ƙasa yana sha, ya ɗaga kai, sai ga kifin a fili. Ya fito gaba ɗaya, yana tsaye a bakin raminsa yana kaɗa fukafukai, launinsa ya dawo har yana ɗaukar ido. Ya zagaya dutsen da ya mutu a bazara, ya bi ta wata ƙofa ya ɓullo ta wata, ya kife ciki sama a ƙarƙashin wani dunƙule yana tsintar abin da Gado ba ya gani.

Gado ya ajiye ludayi a hankali. Ya ja jiki da baya har ƙofa, ya leƙa tsakar gida.

"Cima! Rabo!"

Kaji ne kawai da wata akuya a gindin rumbu. Ya ɗauko salula ya fita bayan ɗaki inda ake samun layi, ya buga lambar Safiyanu. Farida ce ta ɗauka. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce Safiyanu ya manta wayar a gida, Inna kuma ta sha magani ta kwanta.

"Kada ki tashe ta. In ta farka ki ce mata ya fito."

"Na'am, Baba? Wa ya fito?"

"Kifin. Ki ce mata kifin ya..."

Layin ya yanke. Ya sake bugawa, bai shiga ba. Ya tsaya da wayar a hannu yana duban karan gero da aka jingine a katanga, sannan ya koma ciki ya zauna inda yake. Kifin yana nan yana zagayensa. Gado ya yi ta kallonsa har hasken ƙofa ya koma ja.

Da yamma ya ji amalanke ta tsaya a waje, ya ji muryoyi. Ya fita ya tarar da Rabo yana sauke buhunan wake, ƙura har gira.

"Ya fito yau," in ji Gado.

Rabo ya dube shi, sannan ya gane. Ya ajiye buhun, ya kakkaɓe hannu a riga, ya bi shi. Tun ranar da aka share ɗakin bai sake shiga ba. Da inuwarsa ta faɗa kan gilashin, kifin ya shige rami.

"Zauna ƙasa," in ji Gado. "Kada ka motsa."

Rabo ya zauna. Ba abin da ake ji sai gudun ruwa. Rabo ya dubi bangon ya ce nan gadon Inna yake a da, nan kuma take rataye faifanta. Gado ya ce ya tuna. Suka ci gaba da jira. Kan Rabo ya fara rinjaya don gajiya, ya farka ya murza ido. Aka kira magariba.

"Gobe in ya fito ka kira ni, Yaya," ya ce yana miƙewa.

"To."

Washegari tun da asuba amalanke ta fita da su gona. Gado ya dawo daga masallaci, ya share fano, ya cika ruwan da ya ƙafe. Ya ɗebi abinci a kan yatsa ya saka, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.